Takardar da Malam Dalhatu Ya Sa wa Hannu a Bakin Mota

Jawabin Malama Ummulkhairi Suhaibu a taron tunawa da marigayi Malam Dalhatu Hashimu, a Unguwar Marke ta ƙasar Kura, kwana arba'in da rasuwarsa.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da iyalan gidansa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe Dagacin Unguwar Marke. Allah gafarta Malam, limamin gari, da sauran malamanmu. Wakilin shugaban asibitinmu, wanda ya yi tafiyar awa huɗu don ya zauna da mu. Shugaban ƙungiyar manoman rani da dattawanta. Tsofaffin sojoji da na hango a rumfar hagu, wasunku da sanda, wasu a kan keke, kun sha hanya, sannunku. Alhaji Ibrahimu, yayan marigayi, uban gidan nan a yanzu. Hajiya Murja, mai ɗakinsa. Taufiq, Khaulat, da ƙannenku. Iyayena da 'yan'uwana na Kura da Bunkure da Kadawa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ummulkhairi, 'yar Malam Suhaibu na Bunkure. Shekara tara na yi aiki a ƙarƙashin marigayi a asibitin tsofaffin sojoji, a sashen gyaran magana da haɗiya, kuma yau ni ce zaune a kujerar da ya bari. Da Hajiya Murja ta aiko cewa ni iyali suka zaɓa in yi magana, na zo na same ta a ɗaki. Na ce, "Hajiya, abin da zan faɗa ba duka ne mai daɗin ji ba." Ta ce, "Ummu, mai daɗin ji mun sha shi kwana arba'in. Ki faɗi abin da kika sani." Da izininta nake tsaye a nan.

Da yawa a cikinmu ba mu taɓa gane aikin Malam Dalhatu ba. Muna ce masa likita, yana cewa shi ba likita ba ne. Alhaji Ibrahimu ya ba ni labarin wata rana da ya tsokane shi a gona, ya ce, "Kai Dalhatu, gwamnati ta rasa abin yi ne, ta ɗauke ka koya wa ƙattan sojoji shan kunu?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, har da tuwo, idan sun yi ƙoƙari."

To bari in gaya muku aikin. Ana kawo mana mutum daga fagen daga, ƙarfen bam ya tafi da rabin haɓarsa. Ana kawo wanda harsashi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, yana kallon matarsa, ya san ta, amma sunanta ya ƙi fitowa. Ana kawo tsoho da ya gama aikinsa lafiya, ya koma gida, ɓarin jikinsa ya shanye, ko yawun bakinsa ba ya iya haɗiyewa. Irin wannan, idan aka ba shi ruwa ba bisa ƙa'ida ba, ruwan ba ciki yake tafiya ba, huhu yake sauka, kuma wani lokaci ko tari ba zai yi ba balle a gane. Shi ya sa ake zura masa roba ta hanci a riƙa ba shi abinci ta nan. Aikinmu shi ne mu dawo wa mutum da maganarsa gwargwadon abin da Allah Ya bar masa, mu kuma tantance ranar da za a cire robar ya koma cin abinci da bakinsa.

Malam Dalhatu ne ya kafa wannan sashe. Ɗakin ajiyar tsofaffin katifu aka ba shi, da tebur ɗaya da madubi. Ya riƙe shi shekara goma sha shida, har muka kai mu biyar.

Ya kasance mutum mai jira. Ban taɓa ganin mai iya yin shiru kamarsa ba. A makona na farko, wani kofur yana ta fama da kalma, bakinsa na rawa, gumi na zuba. Na gane ruwa yake so ya ce, tausayi ya kama ni, na faɗa masa ita. Oga, kamar yadda muke kiransa, yana zaune a kusurwa da littafinsa, bai ce komai ba. Sai da muka fita baranda ya ce, "Ummu, wa ya ce ruwa?" Na ce ni ce. Ya ce, "Ke da ma kin iya. Shi aka kawo mana." Daga ranar ban sake ƙwace wa majinyaci kalma daga baki ba.

Ya kasance ba ya gyara wa ma'aikacinsa kuskure a gaban mara lafiya, amma kuma ba ya kwana da shi a ciki. Ya kasance kullum da safe sai ya bi ta kicin da cokalinsa a aljihu, ya ɗebi kunun da za a kai wa mutanenmu, ya karkata cokalin ya ga yadda yake zuba. Idan ya yi tsararo, sai an sake damawa. Masu girki sun tsane shi shekara guda, daga baya su da kansu suke ajiye masa kofi su jira hukunci. Ya kasance idan wani babba ya ɗaga wa ɗayanmu murya, shi yake shiga tsakani, ya ce, "Yallaɓai, ni na tura ta. Da ni za a yi magana."

Kuma shi ne ya kafa mana doka ɗaya da ya fi tsanantawa a kanta: ba a cire wa kowa roba sai mutum biyu a cikinmu sun ga haɗiyarsa da idonsu, sun ji muryarsa da kunnensu, sannan su sa hannu. Ya rubuta ta da hannunsa ya manna a bayan ƙofa.

Yanzu zan zo kan abin da ya dawo da shi garin nan shekara uku kafin lokacin ritayarsa.

Shekara bakwai da suka wuce, sashenmu ya koma mutum biyu. Biyu sun sami aiki a ƙasar waje, ɗaya tana hutun haihuwa. Daga ni sai Oga, da majinyata sun haura talatin. A cikinsu akwai Sajan Mudassiru, mutumin Dawakin Kudu. Shekara ashirin da tara ya yi yana aikin soja bai taɓa samun ko ƙwarzane ba, sai ga shi ya faɗi a tsakar gidansa yana alwala. Mako bakwai yana da roba a hanci. Ya tsane ta. Sau biyu yana fizge ta. Magana ba ta dawo masa sosai ba, sai ɗan allo da alli da muka ba shi, yana rubutu da hannun hagu. Kullum na shiga abu ɗaya zan tarar a allon: "A cire." Matarsa, Inna Indo, tana zaune a gefen gado tun ranar da aka kawo shi. Takan ce mini, "'Yar nan, ko ɗan koko ne a bar ni in ba shi da hannuna."

Ranar wata Alhamis na gwada shi. Yadda ake yi, sai ka ɗora yatsu a maƙogwaron mutum, ka ba shi cokali ɗaya na kunu mai kauri, idan ya haɗiye ka ce ya buɗe baki ya yi sauti. Idan muryar ta fito tas, abincin ya bi hanyarsa. Idan ta fito a jiƙe, kamar da ruwa a maƙoshi, to akwai abin da ya zame inda bai kamata ba. Cokali na farko, tas. Na biyu, tas. Na uku, muryar ta fito a jiƙe. Kaɗan ne ƙwarai, amma na ji. Sajan yana kallona, Inna Indo tana kallona, mutum goma sha ɗaya suna jirana a wasu ɗakunan. Na ce wa kaina kunnena ne. Na cika takarda na sa hannu.

Ranar ce Oga zai taho gida, domin ranar Asabar za a ɗaura auren Khaulat. Na same shi a bakin mota, ya riga ya sa jakarsa a baya. Na miƙa masa takardar. Ya duba agogo, ya dubi ginin asibitin, ya ce, "Kin gamsu?" Na ce, "Na gamsu." Ya ɗora takardar a kan mota ya sa hannu. Bai hau sama ya ga Sajan ba. A iya sanina, wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da ya karya dokarsa.

Aka cire roba da yammacin ranar. Inna Indo ta ba mijinta kunu da hannunta, yana murmushi. Ranar Juma'a zazzaɓi ya rufe shi. Ranar Asabar da hantsi numfashi ya fara gagararsa. Da yawanku kuna nan ranar. Kun tuna an shafa fatiha, ana shirin fito da abinci, aka ga uban amarya ya koma gefe da waya a kunne, sannan ya shiga mota ko babbar rigarsa bai cire ba. An yi ta magana a kan hakan. Ni ce na kira shi. Ya iso asibiti bayan la'asar. Sajan Mudassiru ya cika ranar Litinin da safe.

Khaulat, ƙanwata, ki dube ni. Na san kin daɗe da wannan abu a ranki, domin mahaifiyarki ta gaya mini. Ba aurenki ne ya jawo ba. Hawa bene da ganin Sajan minti goma ne, kuma mahaifinki ya faɗa da bakinsa cewa yana da minti goman. Bai taɓa ɗora wa ranar farin cikinki laifi ba, ke ma kada ki ɗora mata.

Abin da mutanen garin nan ba su sani ba shi ne, babu wanda ya tuhume mu. Likita ya rubuta ciwon huhu, kuma gaskiya ne, ciwon huhu ne. Tsoho ne mai shanyewar jiki, irinsu suna rasuwa, ba a tambaya. Da mun yi shiru, da maganar ta wuce.

Amma da aka zo ɗaukar gawa, Inna Indo ta tare Oga a baranda, ina tsaye a bayansa. Ba kuka take yi ba. Ta ce, "Malam, ka gaya mini gaskiya. Ni na kashe shi ko? Na cika masa cokali ne? Ko sauri na yi masa?" Tana maganar tana kallon hannunta na dama.

Oga ya ce, "Inna, ba hannunki ba ne. Abin da aka ce ki yi shi kika yi. Bai kamata a cire masa roba ranar ba. Aikina ne in zo in duba shi kafin a cire, ban zo ba, na sa hannu."

Ta kalle shi. Sannan ta ce, a gaban nas-nas da 'yan'uwan mijinta da duk wanda ke barandar, "Allah Ya isa tsakanina da kai."

Ya sunkuyar da kai har suka wuce.

Washegari na tarar da shi yana rubuta rahoto zuwa ga shugabannin asibiti. Na ce, "Oga, don Allah ka bari. Babu wanda ya tambaya." Ya ce, "Indo ta tambaya." Na ce za su iya sauke shi. Ya ce, "Za su iya. Amma gobe idan na ce wa ɗayanku ya hau sama ya duba mara lafiya, da wane baki zan faɗa?"

Aka kafa kwamiti. Ya faɗi abin da ya yi ba ragi. Da aka zo kaina, shugaban kwamitin ya ce, "Lokacin gwajin, kin ga ko kin ji wata alama da ta ba ki shakka?" Na ce, "A'a, yallaɓai." Aka ba ni takardar gargaɗi da wata shida ina aiki ƙarƙashin sa ido. Shi kuma aka sauke shi daga shugabanci, aka ce ya ajiye aiki.

Ya dawo Unguwar Marke, kuma a nan dole in yi magana da bakinmu mu duka, domin ni ma 'yar ƙasar nan ce, kuma maganar har Bunkure ta je. Mun ce an kore shi. Mun ce ya kashe soja. Mun faɗa a majalisa, mun faɗa a bakin kanal, mun faɗa a wurin injin shinkafa, mata sun faɗa a gidan suna. Wasu suka ƙara gishiri, suka ce allura ya yi ba daidai ba, mutumin da bai taɓa riƙe allura a aikinsa ba. Da aka kawo sunansa cikin waɗanda za su kula da rabon ruwa a layinsu, an sami wanda ya ce a bari tukuna, sai aka bari, ba a kuma sake tayar da zancen ba. Yana jin duk wannan. Bai taɓa tsayawa ya kare kansa ba, domin kare kansa na nufin ya kira sunana. Ni kuma ina zuwa hutu gida, ina ji ana faɗa a gabana, ina yin shiru.

Ya kasance, duk da haka, bai rufe ƙofarsa ba. Ya karɓi gonar mahaifinsu ta gefen kanal, shinkafa da damina, albasa da rani. Ranar Talata kuma yakan shimfiɗa tabarma a zaure, duk mai tsoho da jiki ya shanye, ko yaron da magana ta yi wa nauyi, ya kawo. Da farko ba a zuwa. Wanda ya fara zuwa Bafulatani ne daga rugar da ke bayan Kadawa, ya kawo mahaifinsa, Malam Tambaya, a cikin adaidaita. Kafin ya sauko da tsohon ya tsaya a ƙofa ya ce, "Malam, ni ba na ɓoye magana. An ce kada in kawo shi wurinka, wai ka kashe wani soja." Malam Dalhatu ya ce, "Abin da aka gaya maka akwai gaskiya a ciki. Na yi sakaci, mutum ya mutu. Idan ka ga za ka iya, shigo da shi." Mutumin ya koma ya ɗauko mahaifinsa. A kwance suke ɗura wa tsohon nono, kullum yana sarƙewa, ƙirjinsa ya cika. Malam ya nuna musu su zaunar da shi, su dama fura da kauri, ya sunkuyar da haɓa kafin ya haɗiye, kuma kada ya kwanta sai an jima. Malam Tambaya ya ƙara shekara uku a duniya. Bayansa ne aka fara cika zauren. Wasu da ke zaune a nan sun kai iyayensu, kuma cikinsu akwai waɗanda suka yi waccan maganar. Bai taɓa tuna wa kowa ba.

Shekara uku da suka wuce na kasa ci gaba da riƙe abin. Na zo na same shi a gonar albasa da safe, yana buɗe wa fangali ruwa da fartanya, ƙafarsa duk taɓo. Na tsaya a kan kunya na ce, "Oga, ranar nan na ji muryar Sajan a jiƙe. A cokali na uku. Na ji, kuma na ce wa kwamiti ban ji ba."

Sai da ya toshe ruwan ya juya shi zuwa fangali na gaba, sannan ya ce, "Na yi zaton haka. A bakin mota kin ce kin gamsu, amma ba ki kalle ni ba. Shekara goma sha shida ina karanta fuskar mutanen da ba sa iya magana, taki ce za ta gagare ni? Na gani, na kau da kai, don ina so in kama hanya."

Na ce, "Me ya hana ka gaya wa kwamiti?"

Ya ce, "Abin da na sani na gaya musu. Abin da kunnenki ya ji, ke kaɗai kika san shi. Ba na shaida a kan zato."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Abin da ke tsakanina da ke ya wuce tun tuni. Amma Ummu, ba ni na yi takaba ba. Indo tana Dawakin Kudu. Daga gidanku bai kai tafiyar awa ɗaya ba."

A ranar na san cewa shi duk shekara, idan ya gama girbin shinkafa, sai ya hau babur ya je Dawakin Kudu, ya tsaya a ƙofar gidan da take, ya aika a ce yana gaisuwa. Duk shekara a fito a ce masa ba ta nan. Ya ce to a gaishe ta, ya juyo.

Na ce masa zan je. Ban je ba. Bayan shekara guda aka ba ni shugabancin sashe, na karɓa, na ƙara samun dalilin yin shiru. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, wata takwas ana kai shi Kano wankin ƙoda, na zo duba shi sau uku. Zuwana na ƙarshe ya rame ƙwarai, muryarsa da ƙyar take fita. Ya tambaye ni mutum nawa ne yanzu a sashen, na ce huɗu. Ya tambaya ko har yanzu mutum biyu ke sa hannu, na ce e. Sannan ya ce, "Kin je?" Na ce, "Ban je ba tukuna." Ya lumshe ido ya ce, "To." Wannan ce magana ta ƙarshe tsakanina da shi.

Jama'a, Malam Dalhatu ya yi kuskure, kuma da na tsaya nan na ce bai yi ba, da shi ne zai fara ƙaryata ni. Amma kuskuren na mutum biyu ne, kuma nawa ya fi nasa nauyi, domin shi bai duba ba ne, ni kuwa na duba na ji na ɓoye. Shi ya faɗi nasa a ranar da babu mai tilasta masa, ya rasa aikinsa da sunansa a garinsu. Ni na riƙe nawa shekara bakwai, aka ƙara mini girma. Makon jiya na rubuta wa shugabannin asibiti duk abin da na faɗa muku yanzu. Wakilinsu da ke zaune a nan ya san takardar ta isa. Abin da za su yanke a kaina ban sani ba, kuma ba shi ya tara mu ba. Abin da nake roƙo a wurinku shi ne, duk wanda ya taɓa faɗar waccan magana a kan bawan Allahn nan, ya koma inda ya faɗe ta ya gyara. Taufiq, kai da ƙannenka, daga yau idan an ambaci dalilin dawowar mahaifinku, ba ku da abin sunkuyar da kai.

Saura saƙo ɗaya, kuma naki ne, Hajiya.

Kwana goma sha biyu da suka wuce na je Dawakin Kudu. Na tarar da Inna Indo a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ta tsufa sosai. Ba ta gane ni ba sai da na faɗi sunan asibiti. Na durƙusa na gaya mata komai. Ta ajiye farantin, ta ce, "Wato kin ji."

Na ce, "Na ji, Inna."

Ta ce, "Kuma kika miƙo mini cokali kika ce in ba shi."

Na ce, "E."

Can ta ce, "Shi mai gidan naku fa? Bana na ga shiru, har an gama girbi bai zo ba."

Ashe labari bai kai mata ba. Ni na gaya mata ya rasu.

Ta yi salati, ta rufe fuska da gefen mayafinta. Da ta buɗe ta ce, "Tun zuwansa na uku na yafe masa a raina. Mutumin da ya cire mini zargin kaina, da ban san yadda zan rayu da shi ba. Kullum sai in ce idan ya dawo zan fita in gaya masa. Idan yaro ya shigo ya ce ga shi a ƙofa, sai ƙafata ta ƙi tashi. Bara har na ɗauki mayafi, na kai zaure, na ji tashin babur ɗinsa. Na ce to, baɗi."

Sannan ta ce, "Ki je ki gaya wa matarsa na yafe masa duniya da lahira. Kuma a gaban mutane za ki faɗa, tun da a gaban mutane na yi masa Allah Ya isa."

Na ce, "Ni fa, Inna?"

Ta ɗauki farantinta ta ce, "Ke yau na san ki. Ki je tukuna."

Hajiya Murja, na isar da saƙo. Bai ji shi da kunnensa ba, kuma da na je lokacin da ya ce in je, wataƙila da ya ji. Wannan ma yana wuyana. Alhaji Ibrahimu, Taufiq, Khaulat, ina neman afuwarku a gaban waɗannan dattawa, kuma ba na cewa sai kun ba ni amsa yau.

Ina godiya ga Dagaci da ya ba mu wuri, da malamai da suka yi sauka tun safe, da tsofaffin sojojin da suka zo da ƙafafun da ba sa ɗaukarsu sosai, da matan gidan nan da na maƙwabta da suka yi hidimar baƙi, da ku duka da kuka saurare ni har ƙarshe ba wanda ya tashi.

Ya Allah, ga bawanKa Dalhatu ɗan Hashimu ya zo gare Ka. Ka san abin da ya yi daidai, Ka san inda ya gaza, Ka kuma san bai ɓoye ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya shi cikin bayinKa masu gaskiya. Ka jiƙan bawanKa Mudassiru, Ka sa jinyarsa ta zama kaffara. Ka sanyaya zuciyar Indo, Ka sanyaya zuciyar Murja, Ka raya zuriyarsu a kan alheri. Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ka tsare hannun masu jinyarsu daga gaggawa. Mu da muka rage da haƙƙin mutane a kanmu, Ka ba mu ikon sauke shi tun masu shi suna da rai, mu ma muna da rai.

Amin. Malam, a yi mana fatiha.